Abin da Gara Ta Ci

Daren Laraba a Bagalam,
gaban shagon Tsahiru mai cajin waya:
benci uku, tabarma biyu,
tele a rataye jikin dogon-yaro.
Kuran ya ɗauke tun magariba,
inji ya yi tari sau biyu, ya tashi.

Yau kashi na ƙarshe.
Wata huɗu muna bin Maƙau
zuwa ƙarƙashin tafki,
inda sarkin aljanun ruwa
ya kulle damina cikin tulu.

Ni kaɗai na karanta littafin,
kuma ban bar kowa ya manta ba.
A takarda Maƙau gurgu ne,
masunci mai warin tarwaɗa;
a tele sun miƙe masa ƙafa,
sun ba shi takobi da haƙora farare tas.
Tsohuwar jakarsa mai magana da karin magana
sun sayar da ita ban san wa wa ba,
suka kawo maciji mai fiffike
yana aman wuta kamar murhun mai tsire.

Barira mai awara ta ce ita macijin take so.
Ƴan kabu-kabu suka ce jaka ai muna da ita a gida,
wa zai biya dala biyar ya kalli jaka?
Na ce ba ku san daɗin miya ba,
romon kuka lasa.
Illiyasu ya ce to malam, ci littafinka,
matsa, kanka ya tare mana.

Sai ga ƙarshe.
Tulu ya fashe, hadari ya haɗo,
amma ƙofar ruwa ta rufe da Maƙau a ciki.
Uwarsa na tsaye bakin tafki,
ruwan sama na dukanta,
rubutu ya fara hawa.

Na miƙe har benci ya kife.
Ƙarya ne! Ya dawo!
Ya dawo da asuba, jiƙe sharkaf,
ta ɗumama masa tuwon jiya!
Wannan kam ba gyara ba ne, kisan kai ne.

Mushe Rabe, wanda bai ce uffan ba tun farko,
ya ajiye kofin shayinsa.
Washegari ya aiko jikarsa
da nasa littafin, mai bango, cikakke.
Na buɗe daga baya.

Ƙofar ta rufe.
Uwar na tsaye.
Haka marubucin ya bar ta.

Na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.
Ga nawa, wanda na saya a babbar kasuwa
shekarar da na bar lakwal:
shafi ɗari da tara,
daga nan sai ƙura, sai zanen bakin gara.

Sai na tuna fitilar ƙwai.
Na tuna Inna kwance a kan tabarma,
shekara biyu da tafiyar yaya Ƙasimu
ta hanyar Agadas, ba wasiƙa, ba saƙo.
Kullum dare ina karanta mata.
Ran da takarda ta ƙare a hannuna
ta ce, to, sai me ya faru?
Na dubi inda babu rubutu,
na bi shi da yatsa kamar akwai.

Ya dawo, Inna.
Da asuba.

Ta ce na san za a yi haka,
ta juya, ta yi barci.

Shekara ashirin ina rantsuwa da wannan shafi.

Laraba ta zagayo, an sa wani sabon wasa.
Illiyasu ya matsa mini wuri,
ya ce malam, wannan ma ka karanta?
Na ce a'a.
Barira ta miƙo awara a takarda,
ta ce ita fa har yanzu tana jin
yaron nan zai fito.

Na ce zuba mini yaji.